Jiƙon Tsamiya Ladi Ta Sha

Zuwa ga Babban Jami'i mai kula da motar majigi da ke zagaya ƙasar Funtua da Malumfashi.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka gaisuwar talaka ga shugaba, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka a kan kujerarka, kada ta kwana a aljihun masinja. Na faɗi haka ne don wannan ita ce ta uku. Biyun farko hannu da hannu na miƙa su a ƙofar ofishinku na Funtua, har yau ko tari ba a yi mini ba. Shi ya sa wannan karon na bi ta jarida, in ma za ta ɓata, ta ɓata a idon jama'a.

Sunana Saratu, matar Malam Iliya, daga Unguwar Kanya, wani ɗan ƙauye a gefen Dayi. Ni ungozoma ce. A wurin kakata na gaji aikin, daga baya mutanen mishan suka ƙara mini da wanke hannu da dafa almakashi, suka koya mini bokon da nake damunka da shi yau. A unguwarmu akwai masu zuwa majami'a, akwai masu salla, rijiya ɗaya muke ja, kuma babu ɗakin matar da ban durƙusa a ciki na karɓi haihuwa ba.

Ga abin da ya kawo ni, ba sai na yi kewaye-kewaye ba. Maƙwabciyata Ladi, matar Bulus, uwar 'ya'ya uku, za ta tsaya gaban alƙali a Malumfashi ranar Litinin ta biyu bayan Ƙaramar Salla. Ana tuhumarta da zubar da ciki. An ce mana dokar ƙasa ɗauri ta tanada, ɗauri kuwa ba na wata ɗaya ko biyu ba. Shaidar da aka riƙe a kanta guda ɗaya ce tak, majiginku. Ladi ba ta zubar da ciki ba, ɓari ta yi, a hannuna ta yi shi. Zan jera maka yadda abin ya faru, ka duba da kanka ka ga ko ina da dalilin zargi.

Na ɗaya. Bazarar bara, ana sharar gona, ruwa bai sauka ba tukuna, motarku ta tsaya a gindin kanyar da ke bakin unguwarmu. Maza huɗu suka sauko da na'urar ɗaukar hoto mai ƙafa uku, tare da wata 'yar birni sanye da fararen kaya irin na asibiti. Shugabansu wani dogo ne mai farar hula, bakinsa zaƙi kamar an shafa masa zuma. Bai faɗi sunansa ba, Malam kawai muke ce masa. Wurin mai unguwa suka fara zuwa, sannan wurin mazajenmu. Mu da za a ɗauka mu ne na ƙarshen ji.

Ya ce majigi za a yi don a koya wa mata zuwa awon ciki. Za a nuna mata biyu. Ɗaya mai wayo, ta je asibiti ta haihu lafiya. Ɗaya marar wayo, ciwon mara ya kama ta, ta tsaya shan jiƙe-jiƙen gida ta wahala, daga ƙarshe 'yan'uwanta mata suka ɗauke ta suka kai ta asibiti ta warke. Iyakar labarin da aka faɗa mana ke nan, a gaban mai unguwa da dattawa. Maganar zubar da ciki ba ta fito daga bakin kowa ba.

Ni da bakina na tambaye shi inda za a nuna abin. Ya dafa ƙirji ya ce can ƙasar Barno da Adamawa, inda ko sunan Dayi ba a taɓa ji ba. Da na ji haka sai na juya na ce wa mata su saki jiki, ba kome. Ni ce na faɗa musu. In ka ji zafina ya yi yawa a takardar nan, daga nan ya samo asali.

Mai wayon, 'yar birnin nan ce. Matashin kai aka cusa mata a zane, ya karkace gefe guda, sai da na tashi na gyara mata shi, don ko akuya ba ta ɗaukar ciki a haƙarƙari. Jaririn da aka miƙa mata a matsayin sabuwar haihuwa kuwa aro aka yi a unguwarmu, ɗan wata huɗu, ƙato, yana ta wangale wa mai hoto baki. Ranar mun yi dariya har da riƙe ciki.

Na biyu. Da aka zo neman marar wayo, mai farar hula ya bi mu da kallo, ya nuna Hajara, matar Malam Sani masaƙi, ya ce fuskarta ta dace. Ranka ya daɗe, abin da ya sa fuskar Hajara ta dace shi ne ciki uku da ta yi ɓarinsu a jere, na ƙarshen ko wata biyu bai cika ba a lokacin. Wannan baiwar Allah aka ce ta kwanta a tabarma ta riƙe mara ta yi ta murƙususu a gaban mutane. Ba za ta iya ce wa baƙon namiji a'a ba, ga shi mijinta ya riga ya amsa. Sai Ladi, wadda danga ɗaya ce ta raba gidanta da na Hajara, ta sauke tulunta ta shiga gaba. Ta ce a ƙyale Hajara, ai in murƙususu ake nema babu wadda ta kai ta, in ba a yarda ba a tambayi Bulus ranar da ya ce ta je gona da sassafe. Mata suka kwashe da dariya, mai farar hula ya ce to, ta zo.

Ni ban yi dariya ba. Tun makonni kafin ranar na lura Ladi ta daina cin miyar daddawa, tana yawan tofar da yawu, wuyanta ya yi haske. Ciki gare ta, wata biyu. Kai ma uwa ce ta haife ka a ƙasar nan, ka san mace ba ta faɗin cikinta. Ba ta faɗa wa miji da baki, ba ta faɗa wa uwarta, sai ranar da zane ya tona. Ungozomar da ta gano kuwa ta furta a gaban maza, ta gama aiki a garin, babu mai sake yarda da ita. Bayan haka, a wurinmu mai ciki ba ta kwaikwayon ciwon ciki, ko da wasa. Na matsa kusa na ja gefen zanenta. Ta dube ni, ta dubi Hajara da ke rakuɓe jikin danga, ta ɗan girgiza mini kai. Na haɗiye maganata. Da na buɗe baki ranar, da kunya kawai za a ji, a nemi wata. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba na neman wanda zai taya ni.

Na uku. Ƙwaryar da aka nuna Ladi tana sha, ni na miƙa mata, don ni aka sa na fito a tsohuwa mai magani. Jiƙon tsamiya ne da Hajara ta jiƙa don kunun gidanta. Mai hoto ya leƙa ya ce bai yi kama da magani ba, sai aka tsinko ganyen zogale aka yayyaga a kai. Shi ke nan abin da ke ciki. Da aka gama, ragowar muka zagaya muka shanye saboda zafin rana, har direbanku ya sha ya nemi ƙari. Mai hoto bai kashe na'urarsa ba lokacin, na ji tana ta ƙara, har ya ce mu sake ɗaga ƙwaryar ya ɗauka da kyau. Ina wannan yankin ya shiga? An kuma ɗauki inda muka ɗora Ladi a kan amalanke muka nufi hanya da ita, da inda ta tashi garau tana murmushi. Shi ma ina ya shiga?

Na huɗu. Motarku ta tafi, ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka yi noman fari. Cikin Ladi ya fito, kowa ya gani, kowa ya kawar da kai yadda aka saba. Sai tsakiyar damina, ana maimai, dawa ta kai ƙugu, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Rafin da ke tsakaninmu da babbar hanya ya cika ya batse, ko namiji ba ya ƙetarawa. Rana ta biyar da hantsi Hajara ta zo da gudu ta kira ni. Na yi iyakar abin da na sani, Allah bai nufa ba. Ɗa namiji ne, wata biyar, ya ɗan ɗara tafin hannuna. Bulus ya binne shi a bayan ɗaki. A ƙarƙashin gadon Ladi akwai sabon majanyi, ita ta kaɗa zarensa da hannunta, ta kai wa Malam Sani ya saƙa mata ba tare da ta ce na wane ne ba. Ni dai a shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa ganin matar da ke shirin zubar da ciki ta tanadi majanyi ba.

Hajara ce ta yi jinyarta. Ita ke tashi ta dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke kwana da 'yar autar Ladi. Sauran mata, masu salla da masu zuwa majami'a, muka yi mata gayya muka nome gonar gyaɗarta rana ɗaya. Babu wanda ya yi wata magana a lokacin, don kowa ya san ɓari ne.

Yanzu ka ƙirga da yatsunka. Daga sharar gona zuwa maimai wata uku ne cur. Wane irin magani ne za a sha da bazara ya zauna a ciki yana jira sai tsakiyar damina ya tashi aiki? Amma hoto ba ya ɗauke da rana a goshinsa. Wanda ya kalla sai ya ɗauka jiya ta sha yau cikin ya fita. Ranar da aka ɗauki hoton tana rubuce a wuri ɗaya ne kawai, cikin baƙin littafin da mai farar hula ke riƙe da shi, wanda ya rubuta sunayenmu a ciki ɗaya bayan ɗaya.

Na biyar. Bayan kaka, da aka buɗe kasuwar auduga, aka yi shela majigi zai zo Dayi. Muka ɗebi yara muka tafi kamar kowa, ko a mafarki ba mu kawo namu ne ba, tunda namu yana Barno. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, aka ta da inji. Aka fara nuna manyan ƙasa suna buɗe wata gada, aka nuna yadda ake feshin auduga. Sai kawai na ga kanyar unguwarmu ta cika ƙyallen.

Ka fi ni sanin majiginku bebe ne, ba ya magana. Mai lasifika ke tsayawa a gefen mota yana faɗa wa mutane abin da suke gani. To, mai lasifikarku ya buɗe baki ya ce jama'a su dubi Ladi ta Unguwar Kanya, ta gaji da haihuwa, ta je wurin tsohuwar banza ta karɓo maganin zubar da ciki. Tsohuwar banzar ni ce, na gode. Ya yi ta kwaikwayon muryar mace yana nishi, maza suna ta shewa. Daga murƙususun Ladi a tabarma sai hoto ya tsallaka kan wani ɗan ƙaramin kabari, wanda ba a unguwarmu aka ɗauka ba, don akwai duwatsu a bayansa, mu kuwa ba mu da dutse. Babu amalanke, babu asibiti, babu inda muka shanye ragowar ƙwarya. Ladi tana zaune kusa da ni da 'yarta a cinya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ina amfani, an riga an kira suna.

Ina da tambayoyi a nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ba ta kwanta da ku ba. Wa ya ba mai lasifika sunan Ladi, alhali ba ya cikin maza huɗun da suka zo ɗauka? Daga baƙin littafin nan ya fito, ko daga sama? Ƙanen mijina yana fataucin hatsi a Dandume, ya kalli wannan majigi a can kafin ya iso Dayi. Ya ce a can ba a kira sunan kowa ba, ciwon mara kawai aka ce. Me ya sa sai a garin da aka san fuskarta aka kira suna, aka kuma canza laifin? Wa ya yanke ƙarshen labarin ya liƙa kabari? Almakashin da ya yi wannan aiki a ofis yake, ba a bakin mai lasifika ba. Ko dai tun farko labarin da kuka zo ɗauka ke nan, kuka san in kun faɗa babu macen da za ta yarda, shi ya sa aka lallaɓa mu da zancen awon ciki? Ban ce haka ne ba. Amma duk ta inda na juya abin, nan yake komawa.

Ku da kuke birni kun san wasan kwaikwayo. Mutanenmu ba su san shi a kan ƙyalle ba. Motar hukuma ce ta kawo, yanzun nan ta gama nuna manyan ƙasa da gada, kuma gadar gaskiya ce, akwai waɗanda suka taka ta. Don me na Ladi zai zama ƙarya? Akwai ɗan doka a cikin taron. Bayan kwana uku sai ga shi a ƙofar Bulus. Ya tambayi Ladi ko ita ce a hoton, ta ce ita ce. Ya tambaya ko ta sha abin da ke ƙwaryar, ta ce ta sha. Ya tambaya ko cikin ya fita, ta ce ya fita. Duka ukun gaskiya ta faɗa, shi kuma ya rubuta. Muka taru muka ce masa wasa ne aka sa mu, ya ce hukuma ba ta wasa. Ya tafi da ita, ya haɗa da kwandona na aiki, almakashi da zare da sabulu. Kwananta biyu a tsare kafin mai unguwa ya tsaya mata aka ba da beli.

Alƙali, Allah ya saka masa, bai yi gaggawa ba. Ya saurare mu, ya ce maganar matan unguwa ɗaya za a iya cewa baki suka haɗa. Ya ce a kawo masa takarda daga waɗanda suka yi majigin, mai nuna kwaikwayo ne, da ranar da aka ɗauka. Don wannan takarda ya ɗaga shari'ar zuwa bayan Salla.

Na shida. Sau uku ina hawa motar auduga zuwa Funtua neman takardar nan. Zuwan farko aka ce mai farar hula an yi masa canjin wurin aiki. Na ce ina? Aka ce ba a sani ba. Ma'aikacin hukuma guda ya tashi, a ce ofishinsa bai san inda ya nufa ba, sai ka ce tsuntsu! Zuwa na biyu aka ce littafin yana cikin kabad, mai mabuɗi ya tafi ta'aziyya. Zuwa na uku, mai mabuɗin ya dawo, amma wai ba a taɓa yin wani baƙin littafi ba, faifan majigin kuma an aika da shi wani lardi tun tuni.

Ranka ya daɗe, tsufa na fara, makanta ban fara ba. Ranar da aka yi ɗauka a unguwarmu, gwangwanin faifan ya suɓuce daga hannun direba ya bugi bakin turmin Hajara, ya lotsa a gefe, mai farar hula ya yi ta faɗa, ya sa jan fenti ya yi masa alama. Da na fito daga ofishinku a zuwa na uku, motar tana tsaye a inuwa, bayanta a buɗe. Gwangwanin yana ciki, da lotsawarsa da jan fentinsa. Na tsaya ina kallo, sai wani ya zo da sauri ya rufe ƙofar, ya ce Iya a yi gaba. Mai lasifikar ma na gan shi a zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Da muka haɗa ido ya tashi ya shige ciki. In babu abin da ake ɓoyewa, gudun me ake yi da tsohuwar banza?

Na bakwai. Wannan ba na Ladi kaɗai ba ne, don haka ka daure ka karanta. Ni ban karanta dokar nan ba, ban san waɗanda suka zauna suka rubuta ta ba, amma na tabbata babu ungozoma a cikinsu. Da akwai, da ta faɗa musu jinin ɓari da jinin zubarwa kala ɗaya ne, babu ɗan dokan da zai leƙa ya bambance. Ba zan yi maka ƙarya in ce duk ƙasar nan ba a taɓa samun macen da wuya ta kai ta bango ta yi abin da ta yi ba. In an kira ni ga mace tana zubar da jini, tsayar da jinin nake yi, ba na tsayawa tambaya, tambaya ta Allah ce. Amma tun ranar da aka tafi da Ladi, duk macen da ta ga jini a unguwarmu da ƙauyukan kewaye sai ta ja ƙofa ta yi shiru. Watan jiya wata yarinya mai cikin fari, ba zan faɗi sunanta ba, na koyi darasi, ta yi ɓari ta ɓoye kwana uku, mabiyiya ba ta fita ba, jiki ya yi zafi kamar garwashi. Uwar mijinta ta zo mini ta bayan gida tana raɗa, tana roƙona kada kowa ya ji. Da ƙyar muka kai ta asibiti da rai. Kun zo koya wa mata zuwa asibiti, kun tafi kun bar su suna tsoron ko ungozomar unguwarsu. In aka ɗaure Ladi kuwa, na rantse maka sai mun binne mata a daminar bana waɗanda ba kwanansu ne ya ƙare ba, tsoro ne.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinka a ciki.

Ka rubuta wa alƙalin Malumfashi takarda da hatimin ofishinka kafin ranar Litinin ɗin nan, ka ce abin da aka gani kwaikwayo ne, ku kuka tsara shi, ka sa ranar da aka ɗauka kamar yadda take a littafinku. In littafin ya ɓata da gaske, direbanku yana nan, ya san lokacin, ya kuma san ɗanɗanon abin da ke ƙwaryar.

Ka sa a nemo yankin da aka yanke. In yana nan, a kai wa alƙali ya gani da idonsa.

Ka dakatar da nuna wannan faifai a ƙasar Malumfashi da Funtua da Musawa, duk inda ake cin kasuwa da mutanenmu.

Mai lasifikar da ya kira sunan Ladi a filin kasuwar Dayi ya dawo filin, da motar, da lasifikar, ya faɗa da ƙarfin da ya faɗi na farko cewa ƙarya ya yi. Ba na neman a kore shi, yana da iyali. Kwandona ma ban sa shi a lissafi ba, na ari almakashin tela ina dafawa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na zauna rubutun nan yau ban jira gobe ba. Jiya da safe Hajara ta shigo gidana. Ciki gare ta, wata bakwai. Tun da aka kawo ta gidan Malam Sani ba ta taɓa kai ciki wannan matsayi ba, duk unguwa tafiya muke a hankali saboda ita, ko tulu ba ma bari ta ɗauka. Ta zauna ta ce mini ta yanke shawara. In takardarku ba ta zo ba, za ta tafi Malumfashi ranar shari'a, ko a ƙafa ko a bayan motar auduga. Za ta tsaya gaban alƙali da duk mazan da ke zauren, ta faɗa da bakinta cewa tana da ciki, ta faɗi watanninsa. Sannan ta jiƙa tsamiya a ƙwaryar nan, don ƙwaryarta ce, ta yayyaga zogale a kai, ta shanye tas a gabansu, a zauna a jira a ga ko zai zube. Ta ce tabarmar nan ita aka shimfiɗa wa, Ladi ta kwanta a madadinta, ba za ta zauna a ɗaki tana shafa ciki a tafi da Ladi gidan yari ba.

Tsamiyar ba ta ba ni tsoro, na san ba ta kome. Hanyar nake tsoro. Na san ramukan da ke tsakanin Dayi da Malumfashi, na kuma san mahaifar Hajara fiye da kowa. Na ce mata ba za ta je ba. Ta dube ni ta ce ranar da Ladi ta girgiza mini kai na yi shiru, ita ma in yi mata shirun.

Ban yi ba. Na ce mata shirun bara ya ishe ni har in mutu. Na nemi izininta da na Malam Sani, suka ba ni, ga shi na rubuta cikin mace da watanninsa a jarida, maza na karantawa a bakin kasuwa, abin da kakata ba ta taɓa yi ba, abin da ban taɓa zaton hannuna zai yi ba. Na yi ne don kada gobe wani a ofishinka ya ce ba a sani ba. Yanzu ka sani. Takarda ɗaya daga hannunka za ta mayar da Ladi wurin 'ya'yanta, ta zaunar da Hajara a ɗakinta har ta sauka. In ba ta zo ba, ranar Litinin da asuba za mu kama hanya, ni a gefen Hajara da almakashin aro a ƙugu, ina addu'a kada in buƙace shi a bakin titi.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka girma, ya tsare ka daga sharrin masu yanke magana su liƙa wata. Allah ya raya maka zuriya. Matan gidanka kuma, duk wadda ke ɗauke da abin da ba ta faɗa ba tukuna, Allah ya sauke ta lafiya, ya sa kada a taɓa kiran sunanta a lasifika.

Wassalam.

Ni ce,
Saratu matar Malam Iliya,
Ungozomar Unguwar Kanya, ta gefen Dayi.